Mace Ɗaya, Suna Biyu: Tunawa da Dakta Mairam Ari

Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, bayan la'asar, aka sanar da ni rasuwar Dakta Mairam Ari a Haɗeja. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Dakta, shekara shida muna bincike tare kan ciwon ƙodar da ke kwantar da manoman fadama. Ke kika kawo mana dabarar duba ƙwayoyin halitta ɗaya bayan ɗaya, a tantance su da kwamfuta. Da wani dattijo a Kaugama ya tambayi amfanin haka, cewa kika yi, "Baba, mai neman tsakuwa a shinkafa ba buhu yake kallo ba." Kin sha kai marasa lafiya wankin ƙoda a motarki. Ba daga bakinki na ji ba.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai, kuma ya wajaba in faɗe shi.

Watan jiya, saura mako mu aika sakamakonmu mujalla, kwamfuta ta nuna miki marasa lafiya biyu masu ƙwayoyin gado iri ɗaya sak. Kika tafi ƙauyensu da kanki. Ashe mace ɗaya ce. Zuwanta na farko wurin gwaji ta ba da sunanta na yanka, Ummussalma. Zuwa na biyu mahaifiyarta ta rako ta, kuma da yake 'yar fari ce ba ta iya faɗar sunan ba, sai ta ce 'Yar'azumi. Mutum goma sha biyu kacal gare mu a binciken. Cire ɗaya ya raunana hujjarmu.

Na ce mu aika, gyara ya biyo baya. Kika ce, "Malam Sunusi, in muka ce wa mutane ga abin da ke kashe su, alhali ba shi ba ne fa?" Na tashi na fita. Ban sake kiran ki ba har kika kwanta dama.

Ranar uku, a zaman makoki, mijin Ummussalma ya riƙe hannuna.

"Malam, Dakta ta ce ta kusa ganowa. Ruwan ne, ko maganin feshi? Ga noman rani, 'ya'yana duk suna fadama."

Takardar sakamakon tana wurina, sa hannuna kaɗai take jira.

"Ba mu sani ba tukuna," na ce.

Ya saki hannuna. Washegari na fasa aika takardar. Aikin zai ƙara cin shekara biyu, kuma na san wasu ba za su kai ba. Ban sami sauƙi ba, Dakta, amma ke ce da gaskiya. Ki yafe mini shirun da na yi miki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ilminki ya zama sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Malam Abdulfattah, da 'ya'yanki Bushira da Yunusa. Allah Ya ba su haƙuri, Ya ba masu jiran amsa tsawon rai su ji ta. Amin.