Ranar Sunan 'Yata

Ranar Talata ce, kwanana bakwai da haihuwa. Tun da asuba Iya, uwar maigidana, ta ɗora ruwan wankan jego, tana yi mini faɗa wai na cika raki. Rago yana ɗaure a gindin bishiyar maina. Mata suna gyaran shinkafa a tsakar gida.

Maigidana tela ne. Mutanen unguwa suka zaɓe shi majalisar gari a jam'iyyar adawa, shi kaɗai a cikin masu mulki. Sau uku ana aiko masa ya komo wajensu, ya ƙi. Aka hana shi izinin taro. Sai ya ce ai ba a neman izinin suna. Kowa ya zo, in an shafa fatiha zai karanta musu sunayen waɗanda aka tsare ba shari'a. Na ce masa wannan dabarar ko yaro zai gane ta. Ya yi dariya. Har yau ina jin haushin dariyar nan.

Ƙarfe bakwai zaure ya cika, ana jiran liman. Bakwai da kwata muka ji manyan motoci biyu sun tsaya. Sai usur. Sai ƙarar gora a kan mutane.

"Ina kansilan? Ya fito!"

Na ji muryarsa daga zaure, bai ko ɗaga ta ba. Ya ce ga shi, a bar baƙinsa su wuce.

'Yan banga ne. Sun tare ƙofar gida, sun tare ta baya. Iya ta fizge ni, ta jingina tsani a rumbun gero.

"Hau! Kar ki yi tari!"

Ta miƙo mini jaririyar, ta rufe mu, ta janye tsanin.

Ciki duhu, ga zafi, ga ƙaiƙayi. Na danna mata nono don kada ta yi kuka. Na ji ana fasa tukwane. Na ji an ja kekensa na ɗinki a ƙasa. Wajen ƙarfe tara hayaƙi ya fara shigowa, sun sa wa zaure wuta. Na cusa bakin zanena a baki. Ƙafata ta mutu. Jini ya zubo mini, ban motsa ba. Ba wata hanyar fita sai ta sama, kuma ba tsani.

Aka kira azahar ina ciki. Sai bayan la'asar Iya ta buɗe. Sun riga sun tafi da maigidana. Muka bi ta cikin gonaki, ba takalmi, ina tafiya ina tsugunawa. Wani mai amalanke ya ɗauke mu har garin Mamudo, gidan ƙanin Iya.

Kwana huɗu bayan nan aka kawo labari. Maigidana ya rasu a tsare, an binne shi ba mu gani ba.

Ranar da aka haife ta shi ya yi mata huɗuba a kunne, ya ce ba mai jin sunan sai a bakin liman. Liman kuwa bai iso ba. Na tambayi Iya, na aika wa abokansa. Bai gaya wa kowa ba.

A Mamudo aka raɗa mata Fatsuma, sunan Iya. Yanzu tana da jikoki. Sunan da ubanta ya zaɓa mata, ita kaɗai ta ji shi, ranarta ta farko a duniya.