Mai Haɗa Wayoyin Asibiti

Layin karɓar sakamakon gwaji ya tsaya cak, wai kwamfutocin asibitin na jan ƙafa. Ina zaune da ciwon bayana, ina kallon wata mata durƙushe gaban wani akwatin ƙarfe mai fitilu suna ƙyaftawa. Gajeriya ce, ta ci ɗamara da gyalenta, gwiwar siket duk ƙura. A bayan hannunta akwai zanen biro, kyanwa ce ko mota, oho. Na ce a raina, akwai ɗan ƙaramin da ke jiran ta a gida.

"Baba, riƙe min wannan," in ji ta, tana miƙo min wata shuɗiyar waya.

Na riƙe da hannu bibbiyu, ni da ko tashar talabijin sai jikata ta canza min.

Ta soka wasu wayoyi biyu, tana danne-danne tana yi wa nas bayani: "Na haɗa su su yi aiki kamar ɗaya. Za su raba nauyin, in guda ta tsinke ɗayar ta ci gaba." Sai ta fizge guda don gwaji. Nas ta dafe ƙirji. Allon kwamfuta ko gezau, layi ya fara motsi.

Ni kuwa ko numfashin kirki ba na yi, asibiti guda a hannuna. Har aka kira sunana ban tashi ba.

"'Yata, in saki?"

Ta waigo. "Au, Baba! Ai matacciyar ce. Jefa ta a kwandon shara."