Yaron Farin Dutse

Wata takwas na yi ina goge daɓe a wani zauren nuni a Doha kafin a kawo kayan Turawan nan. Motar kamfani ke ɗauko mu daga masaukinmu na garin Wakra da sassafe, mu gama shara kafin baƙi su fara shigowa. Ban yi nisa a boko ba, rubutun da ke gefen hotuna sai dai in kalla in wuce. Amma ina da ido.

Hotunan samari ne jajaye, kowa da farin gashin aro a kai, ya jingina da rusasshen gini, kare kwance a gindinsa. Wata ɗaliba 'yar Zariya mai zagayawa da baƙi ce ta warware min.

"'Ya'yan manyan Ingila ne na zamanin da. In yaro ya tasa sai a tura shi Italiya, ya shekara biyu ko uku yana buɗe ido, ya dawo da akwatuna cike da zane da gumaka."

Na ce, "Malama, tsaraba ke nan?"

"Tsaraba mana. Da ku Kanawa ne, da tuni kun kasa ta a kasuwa."

"Ku Zage-zagi kuwa ku tsaya kuna yi mata Turanci."

Muka yi dariya. Amma akwai abu ɗaya a cikin tsarabar da ya hana ni sukuni: wani yaro na farin dutse, kwance yana barci, ya dunƙule hannu a ƙarƙashin haɓa, baki a ɗan buɗe. Na san gunki ne, har istigfari nake yi. Sai dai haka 'yata take kwanciya, sak. In na zo gefensa sai in ga ina jan tsumma a hankali.

'Yar farina ce. Da ta isa yaye na kai ta gidanmu wurin Inna, a kan sati biyu. Cikin satin biyun nan biza ta fito, maigidana da ke tuƙi a nan ya ce in taho. Ranar tafiya gida cike da mutane, kuma a wurinmu mace ba ta rungumar ɗan fari a gaban manya, ko sunansa ba ta kira. Na tsaya daga bakin ƙofa na ce, "Inna, sai Allah ya yi." Yarinya tana can tana wasa da murfin kwano. Ban taɓa ta ba.

Tun daga nan tsorona ɗaya ne, kada ta manta ni.

Na taɓa tambayar Malama ko iyayen samarin nan suna gane su in sun dawo. Ta ce ai shi ya sa ake zana su a can, a kai hoton gida a rataye. A raina na ce, su manya ne suka tafi, sun san fuskar iyayensu.

Inna ba ta da babbar waya, murya kawai nake ji, yarinya kuma ba ta magana in an kara mata waya a kunne. Sai da ƙanwata ta je gida da tata babbar wayar, wata Juma'a bayan la'asar, ta kira ni ta bidiyo na gan su. Ta yi tsawo, an yi mata kitso ƙanana. Ta leƙo ta dube ni, ta koma bayan Inna ta riƙe mata zani.

"Inna, wace ce?"

Bakina ya buɗe. Amma ga Inna, ga ƙanwata, ga maƙwabciya zaune a tabarma. Ta yaya zan ce ni ce uwarki a gabansu?

Inna, wadda duk ƙasar Larabawa Makka ce a wurinta, ta yi murmushi ta ce, "Yayarki ce ta Makka. Gaishe ta mana."

Yarinya ta ce, "Yaya, ina wuni."

Na ce, "Lafiya lau." Na tambaye ta ko ta ci abinci.