Mama Monica, Mai Masaukin Fatake Mata a Kubwa

Kafin motocin ma'aikata su fara lodi a bakin titin Kubwa, Mama Monica ta riga ta share tsakar gida, ta ɗora ruwan shayi, ta zauna a ƙofar ɗakin ajiya. Duk buhun da zai shiga ɗakin nan sai ta kwance bakinsa, ta zura hannu can ƙasa, ta ɗebo ta sansana. Ba ta ɗaga wa kowa ƙafa.

'Yar Kagoro ce. Sama da shekara ashirin ke nan gidan da take haya ya zama masaukin mata 'yan kasuwa daga Maraɗi da Garwa da Kwatano. Su kawo barkono da busasshen kifi da atamfa, su koma da citta da manja.

Aikin jarida ya sha kai ni ɗakunan taro na manyan otel, inda ake cewa wata rana Afirka za ta zama kasuwa guda, kaya su riƙa wuce iyaka ba tsangwama. Nakan fito da shakka a raina. Na san irin kallon da ake yi wa baƙo a layinmu da zarar an ji Faransanci a bakinsa.

Zacharias, shugaban mazauna layin, shi ya fara tare ta.

"Mama, waɗannan matan naki, mene ne a cikin kayansu?"

"Shigo ka duba, Oga. Ni ma sai na duba nake yarda."

Bai shiga ba. Ƙara ya kai. 'Yan sanda suka zo da rana tsaka, suka zazzage ɗakin, ba su sami komai ba sai barkonon da ya sa su atishawa. Duk da haka mai gidan ya ja mata kunne: in aka sake kawo masa ƙorafi, to ta kwashe kayanta. Wasu baƙin suka daina zuwa.

Ana cikin haka wani mutum ya iso da ƙatuwar mota, ya ce sunansa Wisdom, kamfaninsa na haɗa 'yan kasuwar Afirka ne. Ya sa aka sauke buhunan zoɓo a tsakar gida. Buƙatarsa ɗaya: a haɗa su da kayan matan zuwa Maraɗi, shi zai ɗauki nauyin motar gaba ɗaya.

Saudatu, wata 'yar Maraɗi da rufe iyaka ya karya wa jari, ta ja Monica gefe.

"Yaya, don Allah ki bari. Wannan sauƙi ne Allah ya kawo."

"Mai irin wannan motar, me ya hana shi kai kayansa da kansa?"

Da Monica ta ɗauko wuƙa, Wisdom ya ce ɗinkin kamfani ne, ba a taɓawa. Ta farke. Ƙarƙashin zoɓon kwalayen ƙwayoyi ne a jere. Ya kara waya a kunne, ya fita kamar zai amsa kira, sai ƙarar motarsa aka ji.

Ga haramtaccen kaya a gidan da ake jira a kama da laifi. Saudatu ta ce a jefar a rafi. Monica ta ɗaura zane, ta tafi kai tsaye ƙofar Zacharias.

"Oga, ka daɗe kana son ganin cikin buhu. Taso ka gani, sannan ka kira waɗanda ka kira wancan karon."

Shi ya kira su, shi ya tsaya mata shaida. Har yau yakan leƙa idan an sauke kaya, amma yanzu sai ya yi sallama tukuna.

Mama Monica, ke ce kika hana Saudatu ƙarasa rayuwarta a kurkukun iyaka. Ke ce kika sa matar Garwa take barin kayanta a Kubwa ta tafi gida biki hankali kwance, don ta san ba abin da za a cusa mata. An ce kin cika zargi. Gaskiya ne. Zargin naki ne ya sa matan ƙasa huɗu suke cin abinci a kwano ɗaya.

Yanzu ciwon gwiwa ya ci ƙarfinta, za ta koma Kagoro. Mai gidan ya amince Saudatu ta ci gaba da riƙe masaukin. Ban san yaushe kasuwar nan guda za ta tabbata ba, ko ma za mu gan ta da idonmu. Amma in akwai tasha ko kasuwa kusa da kai, akwai baƙon da ke neman inda zai ajiye kayansa. Ka sauke shi, ka sa ido, kada ka kore shi.

Mun gode, Mama. Allah ya ba da lafiya, ya saka da alheri.

Ranar Asabar matan za su raka ta gida. Sun yi shatar bas, sun ɗinka anko. Ita kuwa ta aika wa direban cewa ba za ta hau ba sai ta ga tayoyinsa.