Gwangwani Na Uku

Litinin: Gusau zuwa Anka

Ana sallame sallar asuba na fita daga gida, da jaka ɗaya da takardun fam uku na cikewa a cikinta. Aikina duba malaman firamare. Akwai malamai uku na wucin gadi da muka horar su koyar da kimiyya ta hanyar gwaji, wato yaro ya taɓa da hannunsa ya gani da idonsa, su aka tura ni in gani a aji. Wanda fam ɗinsa ya yi kyau a ɗauke shi aiki na dindindin, wanda nasa bai yi ba ya koma gida. Tambaya ta bakwai ofis ya fi kallo: "Gwaji ya fito yadda aka tsara?" Gurbi biyu ne a gabanta, E da A'a. Shekara ashirin da ɗaya ina wannan aiki ban taɓa sa alama a inda idona bai gani ba, shi ya sa a ofis suke kirana Ba Sani Ba Sabo.

Sammakon banza na yi. Mota ta cika tun shida da kwata, direba kuwa ya miƙe ƙafa gaban mai shayi.

"Direba, me muke jira?"

"Hanya muka jira, Malam. Sai motocin Anka sun hwara shigowa mu san lahiya take."

Bakwai da minti ashirin muka tashi. Na ƙirga shingen jami'an tsaro har tara, daga nan na daina. Goma saura muka shiga Anka.

A makarantar farko hedimasta ya buɗe mini kabad da alfahari. Kayan gwaji ne jere reras kamar jeren amarya, wasu ko ledarsu ba a yage ba. Malamin ya ɗauko maganaɗisu ya tsaya gaban allo, yara can nesa sun harɗe hannuwa. Ya kusantar da ƙusa, ƙusa ta manne. Wani yaro ya miƙa hannu zai taɓa, hedimasta ya yi gyaran murya ya ce, "Kul! Kayan gwamnati ne." Gwaji dai ya fito. Na sa alama a E. A gidan wani tsohon abokin karatuna na sauka, aka kawo tuwon dawa miyar kuka, na ci na kwanta.

Talata: Anka zuwa Gummi

Ƙarfe takwas muka tashi. A Daki Takwas mota ta tsaya sauke buhuna, na sha fura da nono mai kyau wurin wata Bafulatana. Sha ɗaya da rabi muna Gummi.

Nan tace ruwa aka yi, da gora da yashi da gawayi. Yara sun haddace matakan tsaf, suna rerawa da murya ɗaya kamar karatun makarantar allo. Ruwa ya shiga jajawur ya fito garau. Na tambayi wata yarinya, "To yanzu a sha?" Ta dubi malami, malami ya dubi rufi. Wannan ba ya cikin hadda. Amma fam bai tambayi wannan ba, ruwa kuma ya fito yadda aka tsara. Na sake sa E, raina ba daɗi. Na ci kifi da yamma, ƙaya ta fi tsoka yawa.

Laraba: Ƙasar Bukkuyum

Bakwai da rabi na bar Gummi, tara na sauka a Nasarawar Burkullu. Malama ta uku, Malama Rabi, tana bakin hanya da 'yan kabu-kabu biyu. Tun da sassafe ta fito don ta tarye ni, ko makaranta ba ta leƙa ba. Minti arba'in muka yi a hanyar burji, damina ta fara cin ta, sau biyu ina sauka in tura babur da gwiwoyin nan nawa.

Mai babur ɗina ya ce, "Malam, malamag ga ita ka riƙe da Innarta da ƙannenta huɗu. A duba ta."

Na ce, "Ban tambaye ka ba. Dubi gabanka."

Makarantar aji uku ce, babu kabad balle kayan gwaji. Wani dattijo mai gadi, Baba Ɗanjumma, ya zo da makulli ya buɗe aji a gabana, yara suka shiga. A kan taga akwai gwangwanayen tumatir uku da aka shuka wake. Malama ta yi bayani tun daga bakin ƙofa: na farko ana ba shi ruwa da rana, na biyu an kife shi da kwali, na uku an hana shi ruwa kwana shida. Abin da aka tsara, na farko ya yi kore, na biyu ya yi rawaya, na uku ya yanƙwane.

Ta ɗaga kwali, na biyu ya yi dogo ya ɗashe, daidai. Ta juya ga na uku sai maganarta ta yanke. Waken yana tsaye ƙyam, ganye a buɗe, har ya so ya fi na farko kyan gani. Na zaro biro.

Ba ta dube ni ba. Ta ce wa yara, "Ku buɗe littafanku. Jiya yaya munka bar shuka ta uku?"

Kowane yaro yana da zanen gwangwanin, kwana bi kwana. A zanen jiya ganyen ya langaɓe har bakin gwangwani.

"To mi ya hwaru? Ni ma ban sani ba. Ku gano muna."

Wani ya ce raɓa ce. Aka ce ai taga a rufe ta kwana. Wani ya ce rufi ke yoyo, 'yan uwansa suka tuna masa kwana huɗu ba a yi ruwan sama ba. Wani daga baya ya ce aljannu, aji ya kwashe da dariya, Malama ta ce a rubuta shi ma sai an gwada. Yara fa suka taso suka yanyame taga, ba mai cewa kul. Wata yarinya, Hassana, ta cusa yatsa cikin ƙasar ta zaro shi da taɓo har gaɓa biyu. Ta ɗaga gwangwanin, ga zoben lema a ƙarƙashi.

"Malama, zuba mata anka yi. Kuma ba da daɗewa ba, tun da ƙasan bai bushe ba." Ta waiga ta dubi ƙofa. "Wa ad da makulli?"

Aka kira Baba Ɗanjumma. Ko gezau bai yi ba.

"Ni nib ba ta ruwa, jiya da la'asar da yau da sahe. Baƙo zai taho tun daga Gusau, a gwada mai shuka tana mutuwa a garinmu? Shi koma shi ce mu ba manoma ba ne? Kwana shida ina kallon abar nan tana ƙishirwa, ga buta a hannuna. Haba Malama, ku ji tsoron Allah."

Na zaci za ta yi faɗa. Ai ni da na yi. Sai ta ce, "Baba, in ruwa ya ɗauke tsakiyar damina, kwana nawa shuka ka jimrewa kahin ta ƙi tashi?"

"Wake? Bai wuce takwas."

Wani yaro ya ce babansa ya ce goma. Gardama ta kaure. Nan take Malama ta sa aka kawo gwangwanaye shida, za a shuka sabo, a hana su ruwa, wannan a ba shi ran na huɗu, wancan ran na shida, har zuwa sha huɗu. Mai ba da ruwan kuma Baba, da sharaɗin Hassana ce mai riƙe da takardar kwanaki.

Na zauna ƙarƙashin dalbejiya da fam. Gwaji bai fito yadda aka tsara ba. Na sa alama a A'a, Malama na tsaye tana gani. Ta ce, "Gaskiya ne, Malam," idonta ya kawo ruwa, ta koma aji. Wallahi ban taɓa jin nauyin biro irin na ranar ba. Na juya bayan takardar na rubuta duk abin da na gani har wuri ya ƙare. Da zan hau babur Baba ya saka mini gwangwani na uku a leda, ya ce, "Tahi da ita, nan kashe ta za su yi." A Anka na kwana.

Alhamis: komawa gida

Sha ɗaya da rabi muka iso Gusau. Ban biya gida ba, ofis na zarce da taɓo a ƙafar wando. Darakta ya duba fam uku ya ware na Malama Rabi gefe.

"Ranka ya daɗe, a karanta bayan."

"Malam, A'a ka sa da hannunka."

"Na sa. Biyun can kuma E na sa, ko yaro ɗaya bai taɓa komai ba. Idan wannan ce za ta koma gida, a ba ni su in rubuta nasu bayan su ma."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya juya takardar. Da ya kai wurin aljannu ya murmusa, da ya kai wurin Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Yau Ba Sani Ba Sabo ne ke roƙo?" Na ce ba roƙo nake ba, rahoto ne. Ya sa hannu a ɗauki Malama Rabi aiki.

Ƙarfe biyu na shiga gida. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, sai abokina na Anka da iyalinsa, da mai babur ɗin da na yi wa tsawa, ya yafe mini. Uwargida ta tarye ni da kofin ruwa mai sanyi, ta leƙa leda ta ce, "Kwana huɗu kana yawo, tsarabar ke nan?" Zafin mota ya sa waken ya fara langaɓewa. Na karɓi kofin na fara zuba masa, sannan na sha saura.