Na ba alƙali haƙuri kafin in tambayi ɗana

Jama'a, da bakina na kusa ɗaure ɗana.

An zargi ɗana Sani, ɗan shekara sha huɗu, da ɗauke salula a kasuwar Assihar, a nan ƙasar da muke zaman baƙunta. Muna shiga gaban alƙalin yara, ni gwanin magana mai aji uku a lekkol, wato makarantar boko, na miƙe na fara abin da muka saba a gida: "Yaro ne, ya yi kuskure, a yi haƙuri."

Lauyar da kotu ta ba shi, wata 'yar garin Abalessa mai jin Hausa, ta tare ni kafin tafinta ya fassara.

"Alhaji, ka tambaye shi ko ya ɗauka?"

"Yo ina ruwan ban haƙuri da tambaya?"

"To ni na tambaye shi. Yana cikin aji lokacin, malaminsa yana waje, zai shaida. Zauna."

Na zauna. Malamin ya shaida, aka sallami Sani.

Har yau ina mamaki. Ashe a nan ba a yi wa yaro shari'a babu lauya, ko da ubansa na tsaye. Wataƙila saboda irina ne.

Tun ranar Sani bai haɗa ido da ni ba. Iyaye, ta ina uba ke fara ba ɗansa haƙuri?