Tsohon Ɗinki a Littafin Fiziya

Ni dai fiziya, darasin kimiyyar nan, ba ta taɓa sona ba, ni ma ban so ta ba. A shekarar da zan zauna jarrabawar shahada, wadda daga ita sai jami'a ko zaman gida, duk sauran darussa na riƙe su gam, ita kaɗai ke neman kayar da ni. Ga shi gwamnatin soja ta sauya manhaja, an cire wasu babuka an ƙaro wasu, malamarmu kanta tana koyarwa tana leƙa littafi. Kowa a ajinmu ya bazama neman muzakkira, ɗan littafin bita da malamai ke rubutawa, mai tambayoyi da amsoshinsu. Wadda ake yayi wata ce mai koren bango, sai sheƙi take, an rubuta "sabuwar manhaja" ɓaro-ɓaro a gabanta.

Na dami Baba har ya rufe shago wata Alhamis. Tela ne a kasuwar Umdurman, jallabiya yake ɗinkawa tun kafin a haife ni. Alƙur'ani kam ya sani, amma ko ƙofar aji bai taɓa takawa ba. Muka hau hafila, wato ƙaramar bas, muka haye gada zuwa Khartum, inda masu littattafai ke baza su a ƙasa kusa da babban masallaci.

Tun daga nesa na hango koriyar, na sure ta na rungume. Baba ya miƙo hannu. Maimakon ya buɗe ta daga farko kamar kowa, sai ya buɗe tsakiya, ya bi ninkin takardun da babban yatsa, yadda yake juya riga ya duba cikinta. Mai littattafan na kallo, wasu 'yan makaranta na kallo. Kunya ta kama ni kamar in nutse.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa min, "wannan an taɓa farke ta."

"Haba Baba, don Allah! Littafi ne fa, ba jallabiya ba. Me ka sani a fiziya?"

Wallahi haka na faɗa, a gaban mutane, da Larabci ma, ba da Hausarmu ta gida ba, yadda kowa zai ji.

Baba ya kama yatsana ya ɗora a kan ninkin. Kusa da 'yar wayar da aka ɗinke takardun da ita akwai wasu ƙananan huda, biyu sama biyu ƙasa, babu komai a cikinsu. Ya ce nan tsohuwar waya ta zauna, an cire ta, an sa sabon bango, an sake ɗinkewa. Mai littattafan ya rantse shi ma haka aka kawo masa, kuma na yarda da shi.

"Kin zo da littafin makaranta?" in ji Baba. Yana cikin jakata. "To, gwada su babi da babi. Ni ba na yanka yadi sai na auna mutum."

Na tsuguna a rana ina huci, ina karanto sunayen babukan. Na farko ya yi daidai, na biyu ma haka. Da na kai ƙarshe sai na ga giɓi. Babin maganaɗisu da lantarki da aka ƙaro mana, wanda ya fi kowanne ɗaure min kai, babu shi sam a koriyar. Tsohuwar manhaja ce tsaf.

Guda huɗu muka auna a haka. Wadda ta dace wata mummuna ce da wani malami a Bahri ya rubuta, takardarta shara-shara, tawada ta malale a wasu shafuka. Duk da haka Baba bai bari na ɗauka ba sai da na nemo tambayar da malamarmu ta taɓa warware mana a aji, na ga amsar ta zo ɗaya. Da muka koma gida ya yi mata bango da ragowar yadi, ya bi gefen da keke. Ƙawayena suka yi ta min tsiya, wai muzakkirata ta sa kayan Sallah. Ba a yi mako ba su uku suka fara zarya gidanmu kwafar babin nan.

Ranar jarrabawa ina juya takarda sai ga shi, babbar tambaya sukutum daga maganaɗisu. Na san ta kamar hanyar gidanmu.

Da sakamako ya fito ban tsaya ko'ina ba sai shago. "Baba, na ci! Har fiziyar!" Na so in ƙara da neman gafara, bakina ya ƙi. Ya yi hamdala sau uku, ya share fuska da bakin rawani. Sannan ya miƙo min allura da zare.

"Zura min, uwata. Na fi shekara ba na ganin kafarta."

Sai a lokacin na gane cewa hudar nan da ta cece ni bai gan ta ba, da yatsa ya ji ta, kuma bai taɓa gaya wa kowa a gida cewa idonsa ya yi rauni ba. Allah ya saka masa, Allah ya jiƙansa. Na karɓi allurar, ni mai ido, sau uku ina zura zaren yana kuɓuce min.